Takobin Baba Mai Ƙulli Arba'in da Ɗaya

"Kai mai jar hula, sauko da abin nan."

Haka mai kaki ya ce min a shingen da ke gaba da Tambuwal, dab da shiga Kebbi. Mu tara ne a motar, amma ni kaɗai ya nuna. Abin da yake nufi kuwa yana tsakanin ƙafafuna tun daga tashar Kaduna, na naɗe shi da tsohon zanin Umma na ɗaure da igiyar caja. Matar da ke kusa da ni tun Funtuwa take tambayata ko sandar labule ce, ina ce mata e.

Na sauka na kwance zanin. Takobi. Sai na ji matar ta ce, "Innalillahi! Da wannan muka taho tun safe?"

To bari in tsaya a nan. Tun da na dawo kun hana ni sakat a guruf, kowa me ka gano, me ka gano. Zan faɗa sau ɗaya, wanda bai karanta ba kar ya kira ni.

Babanmu tsohon soja ne, da sajan ya yi ritaya. A gidanmu akwai ɗaki guda da ya cika da tarkacen soja: kwalkwali, bel, lambobin ƙirji, gorar ruwa, begila, takalman da ko almakashi ba ya cin su. In abokinsa ya rasu, iyalan sai su kwaso nasa su kawo wa Baba. Takobin nan yana rataye a bango tun kafin a haife ni, mun ɗauka cikin kayan ne. Kubensa jan fata, mariƙinsa tagulla, kuma a jikin igiyar ratayarsa akwai siraran fatu da aka ƙuƙƙulla, wasu baƙaƙe wasu sun koɗe.

Watan jiya ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ƙi fita. Da aka dawo da shi gida sai ya ƙi abinci, ya ƙi kwanciya, hannun hagu kawai yake miƙawa wajen ɗakin nan. Muka yi ta ɗauko masa kaya ɗaya bayan ɗaya yana kau da kai. Da na kawo takobin ya damƙe shi har sai da jijiyar hannunsa ta tashi. Ya yi ta kokawa da bakinsa, can kalma ɗaya ta fito: "Jega."

Likita ya riga ya ja Umma gefe ya ce a yi ta addu'a. Umma ta ce, "Sadik, ka kai."

"Wa zan kai wa?"

"In ka je ka tambaya. Kar ka daɗe."

Kun tuna na sa hotonsa a nan. Ɗaya ya ce na zamanin jihadi ne. Ɗaya ya ce na hafsan Turawa ne. Ɗaya kuma, ya san kansa, ya ce ƙulle-ƙullen nan adadin mutanen da aka kashe da shi ne. Na ƙirga, arba'in da ɗaya. Wallahi na yarda, kuma da wannan tunanin na hau mota: wai gidan wa zan shiga in ce ga abin da aka kashe kakanninku da shi?

Mu koma shinge. Na nuna wa mai kakin katin Baba na tsofaffin sojoji da takardar asibiti. Dattijo ne, ya juya takobin gaba da baya, ya leƙa gindin ƙarfen.

"Namu na fareti yana da hatimi a nan, da lamba. Wannan ba na gwamnati ba ne. Aikin maƙera ne." Ya miƙo min. "Sa shi a but. Ka gaida Sajan, Allah ya ba shi lafiya."

Da na koma mota matar ta ɗora jakarta tsakanina da ita.

Mun shiga Jega ana kiran magariba. Zafi kamar an buɗe murfin tukunya. Na kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, fankarsa ta fi ƙara fiye da iska. Na fita neman abinci na tare wani tsoho na ce, "Baba, ina ake sayar da tuwo?" Ya dube ni ya ce, "Lahiya lau." Na sake tambaya. Ya ce, "Gajiya da sauƙi." Sai a na uku na gane gaisuwar da ban yi ba yake amsawa. A can ba a tsallake gaisuwa ko gobara kake gudu. Na koma farko, na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan ya raka ni da ƙafarsa har gaban mai tuwon. Tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwarmu, da kifin gulbi. Na ci ina kallon waya. Umma ta turo saƙo: cokali biyu ya sha na kunu.

Da safe na shiga kasuwa layin dukawa, masu aikin fata. Aka nuna min Malam Garba, wai shi ya fi kowa daɗewa. Wannan karon sai da na gaishe shi har ya gaji. Ya sa tabarau mai hannu ɗaya, ya bi ƙulle-ƙullen da yatsa.

Na ce, "Malam, an ce mutanen da aka kashe ne."

Ya yi dariya har da tari. "Wa yah hwaɗa maka? Wanda yak kashe mutum gudu shikai, ba ya zama ƙulla hwata. Diba nan. Wanga bahago yaƙ ƙulla shi. Wanga hannunai na rawa. Wanga mai gaugawa na, awa kai. Hannu arba'in da ɗaya, ba hannu guda ba."

"To na waye?"

"Ni hwata nis sani." Ya zare ƙarfen kaɗan ya nuna min ɗigo uku a jere kusa da mariƙi. "Wagga shaida ta maƙeran Aliero ta. Tai can."

Aliero! Jiya na wuce ta bakin garin ina gyangyaɗi. Na koma tasha da gudu.

Kafin ka ga Aliero hancinka ya gani. Albasa ko'ina: a buhu, a ƙasa, a rumfunan kara da ake ajiye ta, a kan manyan motoci. Wajen saukowa daga mota na turguɗe ƙafa, na fito ina ɗingishi ina dogara takobin a naɗe. Wani ɗan kabu-kabu, haka suke kiran ɗan acaɓa, ya tsaya a gabana ya ce, "Hau." Ban ce masa ko'ina ba, shi ma bai tambaya ba. Na ɗauka ya ji ina tambayar maƙera a mota. Muka yi ta kurɗawa lungu, sai ga mu a ƙofar wani gida, mutane kwance a tabarmi, wannan hannu ɗaure da kara, wancan ƙafa. Ashe garin ya shahara da masu ɗori, duk baƙon da ya sauka yana ɗingishi da sanda sun san inda za shi. Kafin in yi bayani wani ƙato ya zaunar da ni ya kama idon sawuna ya ja. Na yi ihun da ban taɓa yi ba a gaban mutane. Ya ce, "Ba karaya. Tashi." Kuma wallahi ƙafar ta saki.

Maƙerin da aka kai ni wajensa ana ce masa Ɗan Jimma. Yana tsakiyar gyaran kalme, bai ɗago ba sai da na kwance zanin. Da ya ga ɗigo ukun sai ya ajiye guduma.

"Ina kas samo ƙirar tsohona?"

Na faɗa masa. Ya zare takobin gaba ɗaya, ya goga bakin a tafin hannunsa da ƙarfi. Na runtse ido. Ya nuna min hannun, ko ja bai yi ba.

"Ba a taɓa wasa shi ba. Ko albasa bai yankawa. Takobin angwaye na. Wasu mutane can bayan Maiyama, hanyar Andarai, sunka sa ubana ya ƙera musu. Ango shina rataya shi kwana bakwai, ba ya aje shi ko masallaci za shi. Ranar bakwai ya ƙulla hwata tai, ya maida, ya jira na baya."

Na ce to me takobin angwaye yake yi a ɗakin babana? A Kaduna ya auri Umma, akwai hotuna, babbar riga ce a jikinsa ba takobi.

Ɗan Jimma ya kira maƙwabcinsa. "Zo ka ga abin mamaki. Takobin da Mamman Rediyo yas saida ya dawo da ƙahwa tai."

"Waye Mamman Rediyo?"

"Shi ar riƙe da shi a gidansu. An ce soja yab ba shi rediyo, shi ko yab ba soja takobi. Tun sannan sunan yab bi shi. In shina da rai, shi za ka nema."

In yana da rai. Na kira Umma sabis ya ƙi. Na koma Jega, karo na biyu a yini ɗaya, na jira motar Maiyama ta cika. Mutum ɗaya ya rage aka yi kusan awa ana jiransa. Na zauna, na tashi, na zagaya motar, na sake zama. Direba ya ce, "Samari, ko ka zagaya ta sau ɗari ba ta tashi sai ta cika." Da muka isa Maiyama rana ta yi sanyi, masu babur suka ce hanyar ƙauyen ba ta biyuwa yanzu, sai da safe. Wani mai shayi ya ba ni tabarma a shagonsa, ya ƙi karɓar komai, wai baƙo ne ni. A Kaduna ko caji za ka sa a shagon mutum sai ya kalle ka sau biyu.

Da hantsi mai babur ya sauke ni a wata 'yar unguwa tsakiyar gonakin gero. Na tambayi wata tsohuwa gidan Malam Mamman, ta ce wane Mamman, akwai uku. Na ji kunya amma na ce Rediyo. Nan take ta nuna.

Yana zaune a zaure yana tufka igiya. Siriri, farin gemu, ido ɗaya ya yi fari. Na yi sallama, na durƙusa, na yi gaisuwar nan tasu har ƙarshe. Aka kawo min fura a ƙwarya. Ya ce in sha tukuna. Na sha. Sannan na kwance zanin na ajiye a gabansa.

Bai taɓa shi ba. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Kai ɗan Sajan na."

"E, Baba."

"Ya mutu?"

"Yana da rai, amma ba ya magana. Shi ya ce a kawo."

Ya ɗauka, ya bi ƙullin da yatsa yana motsa baki. Ya kai ƙarshe ya ce, "Arba'in da ɗaya. Bai ƙulla nashi ba."

Ga abin da ya faɗa min, na taƙaice. Lokacin da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, sabuwar jiha ta shiga haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Aka turo sojoji biyu gadin injinan, ɗaya Baba ne, yana saurayi. A zauren nan ya zauna wata da watanni. Ya ga ƙanwar Malam Mamman, Hajo, ita ma ta gan shi. Aka ɗaura aure. To dokar gidan ita ce ba a ba bare takobin, na 'ya'yan dangi ne. Malam Mamman ya ce mutumin da ba shi da kowa a nan ba zai yi angwanci hannu sake ba, ya saɓa wa manyansa ya rataya masa. Rana ta biyar motar soja ta zo, wai a tattara yanzu, an tura su Laberiya. Baba ya watsa komai a akwati, har takobin. Ya bar wa Malam Mamman rediyonsa ya ce ya riƙa jin labarinsu. Kafin shekara ta zagayo sanƙarau ya shigo garin, Hajo na cikin waɗanda ya ɗauka. Aka aika wasiƙa. Baba bai sake zuwa ba.

Ina jin sunan na tuna gida. Babbar yayarmu Hajara, Baba kaɗai ke ce mata Hajo, ba mu taɓa tambayar dalili ba.

"Ni ban riƙe shi da komi ba," in ji Malam Mamman. "Na san abin da yah hana shi zakuwa. Amma shekara talatin da wani abu, ɗana, yara na wucewa suna yi min kukan rediyo. Angwayenmu adda suka ratayawa. Adda! Kowane biki sai an dube ni. Ba a cikin zaure za ka ba ni shi ba. Ka jira azahar."

Bayan sallar azahar liman ya ce kowa ya zauna. Ni da ko a ajinmu ban taɓa tashi na yi magana ba, na miƙe a gaban mutum kusan hamsin da takobi a hannu. Na ce sunana Sadik, ɗan sojan da ya auri Hajo. Na ce takobin nan ba a sayar da shi ba, aro ne, babana ne bai dawo da shi ba, yana bango a ɗakinsa tun kafin a haife ni, kuma yau ya ƙi cin abinci sai an maido. Sai wani tsoho daga baya ya ce, "To yanzu mi za mu riƙa ce mai? Mun saba." Masallaci ya fashe da dariya, har shi Malam Mamman, yana yi yana goge ido da bakin rawani.

Saura ƙulli. Suka ce ba a rataya wa wani ango sai na baya ya ƙulla nasa, ga shi akwai biki bayan girbi. Aka yi ta muhawara ko ɗa zai iya ƙulla wa uba. Liman ya ce in uban ya gani ya yarda, ya yi. Sabis kuwa babu sai kan wani tudu bayan gari inda suke zuwa kiran waya. Haka muka ɗunguma, ni da Malam Mamman da rabin masallaci. Cajina saura tara.

Na kira Umma ta bidiyo, ta ɗauka a kira na huɗu. Ta juya wayar. Ga Baba a jingine da filo, ya rame fiye da yadda na bar shi kwana biyu da suka wuce. Na sa fuskar Malam Mamman a gaban wayar. Suka kalli juna, hoton na tsayawa yana tafiya.

Malam Mamman ya ce, "Sajan. Kwana bakwai munka ce."

Bakin Baba ya yi ta motsi ba abin da ya fito. Sai ya ɗaga hannun hagun nan a hankali ya kai goshi, ya sara masa. Ya bar hannun a wurin.

"Sauke, sauke. Na yahe. Ita ma ba ta tahi da hushinka ba, ni ina wurin. Ɗanka za ya ƙulla maka, ka yarda?"

Baba ya gyaɗa kai. Aka miƙo min siririyar fata. Na ƙulla, ƙullin ya fito a karkace, wani ya ce na 'yan birni ke nan. Wayar ta mutu ina cikin ja.

Da zan tafi na ce, "Baba, na gode." Ya ce, "Kawu za ka ce." Ya kai ni makabarta ya nuna min inda aka binne Hajo, ba wata alama sai wata bishiyar aduwa. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a tsumma. Rediyon ce, baƙa, eriyarta ta karye, ya ce ta daina magana tun tuni amma bai iya yar da ita ba. "Kai mai abinai. Kowa ya riƙe nashi."

A zanin Umma na naɗo ta. A shingen Tambuwal ba wanda ya ko kalle ni.

Na iso gida na tarar Baba ya shanye kofin kunu yana barci, bakinsa a buɗe. Na ajiye rediyon kusa da filonsa. Ina ta tunanin yadda zan fara yi wa Umma bayanin takobin angwaye ba tare da na ambaci amarya ba, sai ta miƙo min ruwa ta ce, "An nuna maka kabarinta?" Na ce e. Ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Je ka yi wanka, warin albasa kake."

Jiki dai har yanzu sai addu'a, amma yana ci, yana barci, kuma ya daina nuna bango. Rediyon na ƙirjinsa, yana murɗa ta da hannun hagu ko da ba ta cewa komai.

Abu ɗaya ya rage. Kafin in hau babur Kawu Mamman ya ce ranar da zan yi aure in zo in karɓi takobin, tunda ƙullin ubana na jiki ni ba bare ba ne. Tsohon nan mai ba'a ya ce sam, gidan Sajan sun ci rabonsu har na jikoki, in dai za a ba ni sai dai a haɗa ni da ɗan rakiya. Na baro su suna musu.

Ku da kuka san ni, kuka san cajar wa da wa ke hannuna tun bara, ku faɗi tsakaninku da Allah: in ku ne mutanen garin nan, za ku ba ni aron kwana bakwai?